Allura, zare da doka: yadda kayan ɗinkin cocin Angilikan suka ɓace suka kuma dawo

Wanda ya shiga tsohuwar majami'ar Angilikan a Ingila, kafin ya ji wa'azi ko waƙa, idonsa kan tufa zai fara sauka. Ga mayafin gaban bagade, wanda ake sauya launinsa gwargwadon lokacin shekara. Ga farin lilin shimfiɗe a samansa. Ga alkyabbar da bishop ke yafawa ranar biki, da rigar da limami ke zurawa ta ka don hidimar Jibin Ubangiji, da siririn ƙyallen da ke rataye a wuyansa. Can ƙasa kuma, tsakanin kujeru, ga ɗaruruwan 'yan matasan durƙuso, kowanne da zanensa. Da yawansu aikin hannu ne. Baƙo zai ɗauka gado ne da ya gangaro tun kaka da kakanni ba tare da yankewa ba. Gaskiyar magana ita ce sana'ar ta taɓa kaiwa ƙololuwa, aka durƙusar da ita da gangan, ta yi kusan shekara 300 a kwance, sannan wasu mata suka tashe ta, a zamanin da kotu ke iya tura limami kurkuku don ya sa abin da suka ɗinka.

Labarin ya girmi cocin Angilikan ɗin kanta. A babbar majami'ar Durham akwai ƙyallen wuya da na hannu da aka ciro daga kabarin waliyyi Cuthbert da aka buɗe a 1827. Rubutun da ke jikinsu ya nuna Sarauniya Aelfflaed ce ta sa aka yi su domin Bishop Frithestan na Winchester, tsakanin 909 da 916. Alharini ne da zaren zinariya, kuma ko a yau mai sana'a idan ya tsura musu ido sai ya jinjina kai.

Amma zamanin da ɗinkin Ingila ya yi tashe sosai shi ne daga wajen 1250 zuwa 1350. A takardun Turai na lokacin, da harshen Latin, sunansa kawai Opus Anglicanum, wato aikin Ingila. Da aka yi lissafin dukiyar fadar Fafaroma a 1295, an sami irin wannan aiki sama da guda 100, ya ɗara na kowace ƙasa. Marubucin tarihi Matthew Paris ya ba da labarin cewa a 1246 Fafaroma Innocent na huɗu ya ga adon zinariya a tufafin limaman Ingila, ya burge shi, har ya aika wa shugabannin gidajen zuhudu na can su samo masa irinsa.

Me ya bambanta shi? Dabaru biyu ne. Ta farko ta shafi zinariya. Zaren zinariya ba ya ratsa yadi ba tare da ya lalace ba, don haka ɗora shi ake yi a sama, a ɗaure shi da wani zaren. Maɗinkan Ingila sai su fito da zaren lilin mai ƙarfi daga bayan yadin, ya ratayo na zinariyar, su koma ta hudar da suka fito, su ja har ɗan lanƙwasan zinariyar ya nutse baya. Daga gaba ba ka ganin komai sai zinariya zalla, ba zaren ɗauri ko ɗaya da gogayya za ta cinye. Kowane nutsewa kuma ya zama gaɓa, shi ya sa alkyabbar ke lanƙwasa tana bin jikin mai ita, hasken kyandir na wasa a kanta. Dabara ta biyu ta fuskoki ce: da alharini siriri, allura na tsaga tsakiyar zaren da ta riga ta dasa, ana zagayawa a kumatu da goshi har fuskar ta yi kamar ta taso. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai zuba aska takwas a babbar riga, a Zariya ko Kano, ya ga watannin da riga ɗaya ke ci, zai gane irin haƙurin da ake magana, sai dai a nan faɗin alkyabba guda yakan kai mita uku, cike da labaran Littafi Mai Tsarki daga baki zuwa baki.

Mutane da yawa sun ɗauka 'yan zuhudu mata ne suka yi waɗannan. Mafi yawa dai daga shagunan ƙwararru na birnin Landan suka fito, maza da mata masu neman abinci da allura. Sunayen kaɗan ne suka tsira. Akwai Mabel ta Bury St Edmunds, wadda sunanta ya yi ta fitowa a takardun baitulmalin Sarki Henry na uku daga 1239. Akwai kuma lissafin mayafin babban bagaden Westminster na 1271, wanda ya kamata a tsaya a kai: mata huɗu sun yi kusan shekara huɗu suna aikinsa, ladansu gaba ɗaya fam 36, alhali zinariya da lu'ulu'u da sauran kayan da aka zuba masa sun haura fam 200. Tun daga nan za a ga abin da ya bi wannan sana'a har yau. Kaya na da daraja, hannun da ya sarrafa su kuwa arha ne.

Annobar 1348 ta kashe ma'aikata, yaƙe-yaƙe suka ci kuɗi, karammiski da yadin alharini mai zane daga Italiya suka shigo kasuwa. Sai aka koma ɗinka 'yan siffofi daban a liƙa su a kan yadi mai tsada. Aikin ya rage kyau, amma bai mutu ba. Abin da ya kashe shi aƙida ce.

Me ya haɗa riga da aƙida?

Nan ne gundarin maganar. A koyarwar Katolika, hidimar Jibi hadaya ce da firist ke miƙawa a kan bagade, rigar da yake sawa, wadda ake kira casubul, ita ce rigar mai miƙa hadaya. Masu gyaran addini na ƙarni na 16 suka ce hadayar Almasihu sau ɗaya aka yi ta a kan gicciye, ba a maimaita ta, abin da jama'a ke yi cin jibi ne a teburi. In haka ne, bagaden dutse da rigar hadaya suna wa'azin abin da ba a yarda da shi ba, ko da limami bai buɗe baki ba. Talakan da bai iya karatu ba da ido yake koyon addininsa, kuma ɓangarorin biyu sun san haka sarai.

Sarki Henry na takwas ya raba gari da Roma a 1534, ya rushe gidajen zuhudu tsakanin 1536 da 1540, aka kwashe dukiyarsu. A zamanin ɗansa Edward na shida abin ya iso majami'un ƙauye. A 1550 aka ba da umarnin cire bagadan dutse a sa teburan katako. Littafin addu'ar cocin na 1549 ya bar limami ya sa casubul ko alkyabba, na 1552 kuwa ya haramta su ƙarara, ya bar masa farar riga mai faɗin hannu kaɗai. Jami'an sarki suka bi majami'u suna rubuta abin da ke ciki suna ƙwacewa. An ƙona tufafi masu yawa don a tace zinariyar da ke jikinsu. Wasu an sayar, aka yanka su aka yi matasai da labulen gado. A gidan Hardwick da ke Derbyshire har yanzu akwai manyan labulen bango da aka yi wa attajira Bess ta Hardwick da karammiskin da aka yanko daga rigunan coci.

Abin da ya tsira, ko dai yana ƙasar waje tun farko, ko an ɓoye shi, ko an gudu da shi. Shi ya sa wasu daga cikin mafi kyawun ɗinkin Ingila suke Bologna da Pienza da Ascoli Piceno a Italiya, da Toledo a Sifen. Alkyabbar Syon, ta farkon ƙarni na 14, 'yan zuhudu mata ne suka fice da ita, suka yi ta yawon gudun hijira har suka zauna a Lisbon. Sai a ƙarni na 19 ta dawo gida, yanzu tana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta bar wata jimla a littafin addu'a na 1559 da ta zama ƙarfen ƙafa na tsawon ƙarni uku. Jimlar ta ce a riƙe kayan ado na coci da na limamai kamar yadda suke a shekara ta biyu ta mulkin Edward na shida. A rubuce, wannan na iya nufin tsofaffin riguna sun halatta. A aikace, ko farar rigar ma da ƙyar aka sa masu tsattsauran ra'ayi suka karɓa. Dokokin coci na 1604 suka tsaya a kan kaɗan: farar riga a majami'un unguwa, alkyabba a manyan majami'u, teburin Jibi kuma a rufe shi da alharini ko wani yadi na mutunci, a ɗora farin lilin lokacin hidima. Babban bishop William Laud ya yi ƙoƙarin maido da ƙawa, majalisa ta haramta alkyabba da farar rigar a 1644, shi kuma aka sare kansa a 1645. Ko bayan da sarauta, wadda aka soke a lokacin rikicin, ta dawo a 1660, alkyabba ta zama abin ranar naɗin sarki. A Durham, inda aka fi daɗewa ana sa ta, an daina a tsakiyar ƙarni na 18.

Ba wai an bar ɗinki kwata-kwata ba. Matan masu hali sukan ba coci mayafin teburi, da matashin mumbari, wani lokaci daga tufafinsu. A ƙauyen Bacton da ke Herefordshire an daɗe ana ajiye wani mayafin bagade na yadin azurfa mai furanni da tsuntsaye. A wajen 2016 masana suka bincika shi suka ce da alama daga rigar Sarauniya Elizabeth ta ɗaya kanta aka yanko shi, ta hanyar amintacciyar hadimarta Blanche Parry, 'yar wannan ƙauye. Amma sana'a mai shaguna da almajirai, ta coci, babu ita.

Tashin farko ya zo daga jami'o'i. A Oxford, daga 1833, su John Keble da John Henry Newman da Edward Pusey suka fara koyar da cewa cocin Ingila reshe ce ta tsohuwar coci, ba sabuwar aba ba ce ta ƙarni na 16. A Cambridge, a 1839, John Mason Neale da abokansa suka kafa ƙungiyar nazarin gine-ginen coci, suka ce in aƙidar haka take, to gini da bagade da tufa su nuna. Magina irin su George Edmund Street suka shiga gina majami'u da salon dā. Sai matsala ta taso: an gina bagade, ba mai iya yi masa sutura. Abin da matan zamanin suka iya shi ne cike zanen da aka buga musu da ulu mai kauri, ana ƙirga ramuka. Yadda ake kwantar da zinariya, yadda ake fitar da fuska da alharini, duk an manta.

Mata ne suka koyo shi daga tushe. Suka bi majami'un ƙauye suna neman ragowar tsofaffin riguna, suna auna furanni, suna juya yadi su ga yadda allura ta bi ta baya. A 1854 Agnes Blencowe da 'yar'uwar Street suka kafa ƙungiyar mata masu ɗinkin coci. Tsarinsu shi ne coci ta biya kuɗin kayan aiki, su kuma su ba da hannunsu kyauta, zanen kuwa ko a kwaikwayi na dā ko magini ya zana. A daidai wannan lokaci gidajen zuhudu na mata suka sake buɗewa a cikin cocin Angilikan bayan shekara 300: na Wantage a 1848, na East Grinstead da Neale ya kafa a 1855, da wasunsu. Ɗakunan ɗinkinsu suka zama makarantu, kuɗin aikin kuma yana tallafa wa marayu da marasa lafiya da suke kula da su. A 1872 aka buɗe makarantar da ta zama Royal School of Needlework, wato makarantar ɗinki ta sarauta, domin farfaɗo da sana'ar da kuma samar wa matan da suka rasa mai ɗaukar nauyinsu abin yi. A 1874 magina uku, George Frederick Bodley da Thomas Garner da George Gilbert Scott ƙarami, suka kafa kamfanin Watts, wanda har yau yake aiki a Westminster. A garin Leek, Elizabeth Wardle ta tara mata suna aiki da alharinin daji na Indiya wanda mijinta Thomas Wardle ya gano yadda ake rina shi.

Wani abu da ya ninka buƙata shi ne dawo da launukan shekara: fari don Kirsimeti da Ista, shunayya don lokutan tuba da jira, ja don Fentikos da ranakun shahidai, kore don sauran makonni. Majami'ar da a dā mayafi ɗaya ya ishe ta, yanzu huɗu take nema, kowanne da 'yan rakiyarsa.

Jama'a ba su karɓi wannan hannu bibbiyu ba. A Exeter, a 1845, an yi tarzoma don kawai limami ya hau mumbari da farar riga maimakon baƙar da aka saba. A majami'ar St George-in-the-East ta Landan, daga 1859 zuwa 1860, an yi watanni ana ihu da jifa a tsakiyar sujada. Ga mutane da yawa, casubul alama ce ta cewa ana shirin mayar da ƙasar hannun Fafaroma ta bayan gida. Limamai suka kafa hujja da waccan jimla ta 1559, kotun ƙoli ta harkokin coci ta yanke a 1871 da 1877 cewa rigunan haramun ne. Majalisa ta yi doka a 1874 don murƙushe lamarin, kuma a ƙarƙashinta limamai biyar suka shiga kurkuku saboda ƙin bin umarnin kotu. Arthur Tooth na Hatcham ne na farko, a 1877. Sidney Faithorn Green ya yi sama da shekara ɗaya da rabi a tsare. Ɗaurin ya juya tunanin jama'a, domin ko waɗanda ba sa son rigunan ba su ji daɗin ganin limami a gidan yari ba. A duk tsawon shari'ar nan allura ba ta tsaya ba. Sai a 1964 doka ta halatta rigunan a fili, dokar cocin kuma ta ce bambancin sutura ba ya ɗauke da wata ma'ana ta aƙida. A ganina wannan sulhu ne na hikima, amma ya zo ne bayan an daɗe da gama yaƙin a aikace. Majami'u sun riga sun cika da kayan.

Akwai ɓangaren da bai kamata a rufe ba. Da kasuwa ta buɗe, shaguna suka fara sayar da kayan coci masu arha da aka ɗinka da gumin matan da ake biya abin da bai taka kara ya karya ba. Limami Percy Dearmer ya yi kakkausar suka a kan haka, ya ce bai dace mai wa'azi ya tsaya cikin rigar da aka yi da zalunci ba, kuma a 1912 ya taimaka aka kafa ƙungiyar Warham don yin kayan coci da lada na adalci. Ina ganin wannan na cikin abubuwa mafi nauyi a tarihin nan, domin ya maido da tambayar da lissafin 1271 ya bari.

Rabuwar kan Ingila ta bi 'yan mishan zuwa Afirka. Ƙungiyar mishan ta CMS, wadda ta kafa cocin Angilikan a Najeriya, wadda kuma ta zauna a Wusasa kusa da Zariya, daga ɓangaren masu sauƙaƙa ibada take, shi ya sa aka daɗe ana sanin limamanta da farar riga da baƙin ƙyallen wuya kawai. A Ghana da Zanzibar kuwa, inda ƙungiyoyin ɓangaren masu son ƙawata ibada suka yi aiki, casubul da alkyabba da turare suka zama ruwan dare. A Ghana yau ana ganin ƙyallen wuyan limami da saƙar kente.

Ƙarni na 20 ya faɗaɗa da'irar masu riƙe allura. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an koya wa sojojin da suka ji rauni ɗinki a asibitoci don hannu ya saki, hankali ya kwanta. Fiye da 130 daga cikinsu, 'yan Birtaniya da Ostireliya da Kanada da Afirka ta Kudu, suka ɗinka ɓangarorin mayafin bagade na majami'ar St Paul ta Landan, aka haɗa su wuri ɗaya. An sake fito da shi a 2014, tare da sunayen mutanen da aka bi diddigi aka gano. Louisa Pesel, wadda ita ma ta koyar da sojoji a Bradford, ta jagoranci aikin ɗinkin babbar majami'ar Winchester daga 1931 zuwa 1936, tare da mai zane Sybil Blunt. Ɗaruruwan 'yan sa kai suka yi matasan durƙuso fiye da 300 da na kujerun mawaƙa. Sai an gwada hannunka a ƙaramin ƙyalle kafin a ba ka aiki. Daga Winchester al'adar ta bazu, musamman bayan Yaƙi na Biyu, har ta ƙetare zuwa babbar majami'ar Washington a Amurka.

Ni a wurina matasan nan sun fi alkyabbar bishop faɗin gaskiya game da cocin. Ulu ne a kan yadi mai ramuka, ba zinariya, kuma kowa na iya koya. A jikinsu za ka ga gadar garin, da tumakin kiwo, da jirgin masunta, da tambarin rundunar da ɗan wata ya mutu a cikinta, da haruffan sunan mijin da ya rasu. Tarihin ƙauye ne da mutanen ƙauyen suka rubuta da kansu, suka ajiye a inda ake sa gwiwa.

A ɓangaren ƙwararru, Beryl Dean ce ta fitar da sana'ar daga kwaikwayon zamanin dā, ta dage cewa coci mai rai ta yi zanen zamaninta. Alkyabbar da ta tsara a 1977 domin cikar Sarauniya Elizabeth ta biyu shekara 25 a kan mulki, wadda ɗalibanta suka ɗinka, tana ɗauke da hasumiyoyin majami'u 73 na Landan kewaye da St Paul. Sai dai son sabon salo ya zo da asara. A shekarun 1960 da 1970 aka janye bagadai daga bango don limami ya fuskanci jama'a, aka raina adon zamanin Victoria, gidajen zuhudu suka rage mutane suka rufe ɗakunan ɗinki. Majami'u suka riƙa zubar da aikin da mata suka ɓata idanunsu a kai. Elizabeth Hoare, mai kamfanin Watts, ta bi tana tsincewa, abin da ta ceto yana babbar majami'ar Liverpool a wani zaure mai sunanta. Ya kuma dace a tuna cewa daga kafa ƙungiyar 1854 zuwa ranar da aka fara naɗa mata limamai a cocin Ingila, a Bristol a Maris 1994, shekara 140 ne cif mata na ɗinka rigar da ba su da izinin sawa.

Yau barazanar ba wuta ba ce, ba kotu ba. Hasken rana na cinye launin alharini. Danshin tsofaffin gine-ginen dutse na kawo rima, asu na cin ulu. Wani alharinin ƙarshen ƙarni na 19 an jiƙa shi da gishirin ƙarfe don ya yi nauyi, yanzu yana tsagewa da kansa ko ba a taɓa shi ba. Maganin da aka saba shi ne a yanko adon a hankali a dasa shi kan sabon yadi, ko a rufe wurin da ya raunana da raga siririya a ɗaure. Aikin na cin watanni, kuma a yawancin manyan majami'u ƙungiyoyin 'yan sa kai ne ke yinsa, suna haɗuwa mako-mako, da yawansu dattijai. Majami'ar ƙauye da ke fama da kuɗin gyaran rufi, idan mayafinta ya yage, sau da yawa na inji take saya daga shago, tsohon kuma a naɗe shi a sa a akwati.